Baƙon da Kake Shirin Saukewa a Banki

Titiwangsa, Kuala Lumpur
Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Aina, ka kuma miƙa gaisuwata ga mahaifiyarta tare da godiya bisa ɗakin da ta ba ku. Allah ya tsare ku daga wannan annoba, musamman Aina da take wuni a kantin magani tana fuskantar masu tari. Mu ma lafiya muke. Ummanku ta ce ba ta kewarka ko kaɗan, sai dai kwana goma sha ɗaya ke nan da ka tare a gidan surukarka, har yau shinkafar mutum uku take aunawa.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da in ya leƙa taga yana hango rufin unguwarku ta Kampung Baru. Dokar kulle ta hana ziyara, waya kuma ba ta yi mini, domin da na ɗauko magana sai ka ce, "Okay lah, Baba," ka ajiye. Na kuma rubuta da Hausa da gangan. Na san da tuntuɓe za ka karanta, abin da mutum ya karanta da tuntuɓe kuwa ya fi zama masa. Ga shi sunan mahaifina gare ka, ban taɓa iya yi maka faɗa ido da ido yadda ya kamata ba. Takarda ba ta jin nauyin kowa.

Jiya abokina Dakta Lawal ya kira ni. Bayan mun gama zagin gwamnatoci biyu, tamu da ta masu masaukinmu, sai ya ce ka roƙe shi ya zuba maka kuɗi a asusunka na 'yan kwanaki, ka buga takardar banki, ka mayar masa. Ya ce ba shi kaɗai ka roƙa ba. Kada ka ji haushinsa. Da bai ƙaunace ka ba, da ya ba ka ya yi shiru.

Bari in maimaita maka halin da kake ciki, ko ka ji yadda yake a bakin wani. Bizarka ta ɗalibi za ta ƙare ƙarshen watan gobe. Ranar Talata za ku je ofishin shige da fice neman takardar zama ta mijin 'yar ƙasa, ranar da Aina ta yi makonni tana nema kafin ta samu. Abin da hukuma ke so shi ne shaidar cewa gidanku zai ci da kansa, kuma ita 'yar ƙasa ake tambaya: takardun albashinta, wasiƙar wurin aikinta, sa hannunta a matsayin mai ɗaukar nauyi. Aina tana da duk wannan, na gaskiya, ba ƙari ba ragi. Kai ba wanda ya tambaye ka komai sai fasfo da hoto da shaidar aure. Amma ka ce wa Lawal ba za ka tsaya a gaban ma'aikaci a rubuta cewa mace ke ciyar da kai ba, gara ka koma Kano. Kano da ka koma sau uku kacal tun zuwanku nan, a na ƙarshen ma 'yan'uwanka suka riƙa sa ka faɗin "ƙyanƙyaso" suna faɗuwa da dariya. In takardunku suka samu cikas ranar Talata, ba lallai a sake ba ku rana kafin bizar ta mutu ba. In ka fita kuwa, a wannan zamanin da aka garƙame iyakoki, Allah kaɗai ya san ranar da za ka sake ganin matarka.

Ba laifinka ba ne rashin aiki. Ka karanta harkar yawon buɗe ido, ka gama a shekarar da duniya ta rufe ido. Ko ni da nake malamin jami'a ban hango wannan ba, kuma ka san ba na cika yarda akwai abin da ban hango ba.

Wannan dabarar da kake ganin kai ka ƙirƙiro ta, mu muka raɗa mata suna kafin ka iya ɗaura wando. "Baƙo" muke ce mata. Lokacin da na zo karatun digiri na uku, mu ɗaliban Najeriya ba mu da yawa, kuɗin tallafin karatu kuma yana zuwa ne kamar ruwan farkon damina, a yi ta hadari ba a zuba. Duk wanda zai kawo iyalinsa sai ya nuna yana da abin riƙe su. Sai mu haɗa abin da ke hannunmu, mu sauke shi a asusun mutum ɗaya, ya kwana uku, ya tashi ya koma gidan na gaba. In ka haɗu da ɗan'uwa a masallaci sai ka ji ya ce, "Baƙon nan yana wajen wa?" A ce, "Yana wajen Lawal, jibi zai taso." Muna ganin mun fi kowa wayo.

Da layi ya zo kaina, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Brickfields, saman shagon wani Ba'indiye mai sayar da kayan yaji, har rigunana ƙamshin kori suke yi. Kai kana shekara uku, kuna Kano da Ummanku a gidan kakanka. Na saukar da baƙo ranar Litinin, na buga takarda ranar Laraba, na sa babbar riga na tafi ofis kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ma'aikaciyar wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta duba takardar, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata rai ba. Ta sa ɗan yatsa a kan layi ɗaya ta ce, "Malam, wannan kuɗin ranar Litinin ya iso. Kafin nan a ina yake kwana?"

Ni da na yi shekaru ina koyar da yara yadda ake kare hujja, sai na ji bakina ya ce wai gado ne. Ta ce Allah ya jiƙan mamacin. Sannan ta turo mini takarduna ta ce in dawo da shaidar watanni a jere, ba ta kwana uku ba. Ba ta zalunce ni ba, Abba. Aikinta ta yi, har da ladabi.

Wata bakwai wannan ya ja mana. A cikin wata bakwan ka yi ƙyanda, Ummanku ta yi jinyarka ita kaɗai. A cikinsu ka daina tambayar ina Baba. Ranar da kuka sauka a filin jirgi na durƙusa na buɗe hannu, ka dube ni ka ɓuya a bayan zanenta. Wani abin takaicin, kuɗin tallafina na gaskiya, ƙanƙanin nan da na raina, shi aka karɓa daga baya ba tare da tambaya ba. Da shi na kai tun farko, wataƙila da ba a yi wata bakwai ba.

To ka ji na farko. Masu duba takardun nan ba yau suka fara ganin baƙo ba, sun fi mu sanin kamanninsa. Takardar ƙarya guda ɗaya in ta shiga cikin na gaskiya goma, ba ita kaɗai ake zargi ba, duk sai a koma ana shinshina su. Takardun Aina tsarkakakku ne. Kada ka ɗora musu zanen aro don ka rufe katararka, ka bar tata a waje. Sunanta ne a ƙasa, ita za ta rantse, ita za a tuhuma.

Na biyu ya fi wannan nauyi a bakina.

Da kuka zo, an buga wa Ummanku hatimi a fasfo. Kalmar da Malayawa ke kiran irin matsayinta ita ce tanggungan, wato wanda ake ɗauke da nauyinsa. Na duba ƙamus na ji daɗin kalmar ƙwarai. Ni ne mai ɗauka, ita ce kaya. Ba a yi wata huɗu ba tallafi ya tsaya cak. Muka rubuta wasiƙu, muka kafa kwamiti, muka zaɓi shugaba da sakatare, ni ne ma'aji, ma'ajin da ba shi da abin ajiyewa.

Ummanku ba ta shiga kwamiti ba. Ta lura gwagwaren ɗalibanmu sun gaji da cin gurasar roti a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, har wani ɗan Gusau ya rantse ya yi mafarkin tuwo. Sai ta fara tafiya kasuwar Chow Kit da sassafe, kana goye, tana ciniki da hannu kafin ta iya yaren. Ta gano garin shinkafar da ke yin tuwo, ta gano mai sayar da busasshen kifi, kukar da ta zo da ita daga gida kuwa take auna ta kamar zinariya. Ran Juma'a in an sauko masallaci sai ka ga samari a bakin ƙofarmu, kowa na neman a ƙunsa masa ya tafi da shi, yana cewa, "Hajiya, a yi mini tapau biyu." Da wannan muka biya haya. Da shi aka sa ka a makaranta. Da shi aka buga kundin digirina, kwafi biyar, da bango mai ruwan zinariya.

Ni kuwa in abokai suka yi maganar sai in ce, "Ai ɗan abin debe kewa ne take yi, kun san mata da zaman kaɗaici." Ina faɗa ina suɗe hannu.

Ranar da muka je sabunta takardunta, ma'aikacin ya tambaye ni da Malayanci ko matata tana aiki. Na ce a'a, zaman gida take yi. Tana tsaye a gefena, da tabon mai a bayan hannunta, ta ja mayafi ta rufe. A lokacin ta riga ta fi ni jin yaren, domin ni a littafi na koya, ita a kasuwa. Muka fito muka shiga jirgin ƙasa. Muna zaune ta dubi ƙafata ta ce, "Malam, takalmin nan ya yi maka kyau."

Na ce, "Ai kuwa, na gode."

Ta ce, "Zaman gida ne ya saya."

Na yi dariya, na ɗauka raha ce. Sai da na ga ta juya tana kallon taga har muka sauka.

Ka fahimce ni. Amsar da na ba ma'aikaci ba ita ce babban laifina ba. Bizarta ba ta ba ta izinin aiki ba, ita ma da aka tambaye ta ba za ta ce tana da kamfani ba, tukunya biyu ce da murhu. Laifina shi ne na yarda da abin da na faɗa. Na bar hatimin fasfo ya gaya mini wane ne ni a gidana. Shekaru ina tafiya da ƙirji a gaba a matsayin mai ɗaukar nauyi, alhali a kan wuyan wata nake zaune ina ba da umarni ta ina za a bi.

Kai yanzu takarda za ta faɗi akasin haka a kanka, za ta ce Aina ce mai ɗauka. Abin da nake so ka gane shi ne takardar nan ba ta san gidanku ba, kamar yadda ba ta san nawa ba. Gurbi ne a fom, dole a cika shi da sunan wani. Ni ta ɗaga ni ban cancanta ba, kai za ta sauke ka ba ka cancanta ba, duk jirgi ɗaya ne. Ba ta san kai ne kake kai surukarka asibiti wankin ido ba. Ba ta san kai ke jiƙa kayan aikin Aina a ruwan zafi kullum in ta dawo, don kada ta shigo wa tsohuwa da cuta ba. I, Aina ta gaya wa Ummanku, Ummanku ta gaya mini. Ka saba da wannan, haka labari yake tafiya a gidan aure.

Ba zan ce maka ciyarwa ba nauyin miji ba ce. Nauyinka ne, kuma ina so ya dame ka. Namijin da rashin aiki bai hana shi sukuni ba, ba shi nake fatan na haifa ba. Amma akwai bambanci tsakanin jin nauyi da jin kunyar idon mutane. Jin nauyi shi zai sa ka karɓi takardar nan, ka nemi a buga maka izinin aiki a kanta, ka kama duk abin da ya samu na halal, ko koyar da yara Turanci ta waya ne. Kunyar ido kuwa ita ce ke aika mutum gidan Lawal. Tarihin gidan da ya fi kowane gida daraja ma ka san shi, ka san dukiyar wa aka fara jingina da ita a cikinsa. Ba zan yi maka wa'azi ba, limamin da ya ɗaura muku aure ya riga ni, ko da yake ta bayan takunkumi ya yi, ban ji rabin abin da ya ce ba.

Na uku ban yi niyyar rubuta shi ba, domin sai yau ya faru.

Wata bakwan can da na gaya maka, ban taɓa faɗa wa Ummanku dalilinsu ba. A waya na ce mata ma'aikatan ƙasar nan ne ba su da sauri. Shekara ashirin da biyu ina kan wannan magana, har na kusa yarda da ita. Ɗazu da na kai tsakiyar wasiƙar nan sai na ga rashin kunyar abin: ina shirin ce maka ka gaya wa matarka gaskiya, ni ban gaya wa tawa ba. Na ajiye biro na same ta a ɗakin girki tana gyaran alayyafo. Na yi gyaran murya irin ta shiga aji. Na ce, "Binta, akwai wata magana da ta daɗe."

Ta ce, "In kofin gilashin nan ne, na san kai ka fasa."

Na ce ba shi ba ne. Na zayyana mata komai, baƙo, dattijuwa mai tabarau, har gadon da ban ci ba. Ban ɗago kai ba sai da na gama. Ita kuwa ba ta daina tsinke ganye ba.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin san me?"

"Rabi matar Lawal ta aiko mini da wasiƙa tun a lokacin. Har da kuɗin ɗan kunnenta a cikin baƙon naku, ka ɗauka ba za ta bi sawunsa ba?"

Na ce, "Shekara ashirin da biyu, Binta! Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Kai da kake da digiri uku, na ce bari in ga a aji nawa ake koyar da wannan."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kana goye, amma ba ta ƙi jin roƙon ba, in ƙara faɗa. Na ƙara. Sannan ta share hannu a zane ta ce abin da ya sa na dawo kan takardar nan da sauri. Ta ce jiran bai yi mata ciwo kamar yadda nake zato ba, mata sun saba jira. Abin da ya yi mata ciwo shi ne na tattara maza shida na gaya musu ba ni da shi, ita da za ta zauna da ni a cikin rashin na ɓoye mata. Ta ce, "Ka fi jin kunyata a kan Lawal, kai kana ganin girmamawa ce. Ni kuwa sai na ji kamar ni ce baƙuwar."

Abba, ka zagaya gidaje kana neman rance don kada Aina ta gan ka hannu wofi. Ina tabbatar maka ta sani. Matar da ke gane jabun takardar likita daga nesa ba za ta kasa gane mijin da ke fita baranda yana waya ƙasa-ƙasa ba. Tana jira ne ta ga ko za ka faɗa. Kada ka sa ta jira irin jiran da na sa uwarka. Ba kowace mace ce ke da haƙurin Binta ba, ita ma Bintar ban ga dalilin da ya sa ta yi ba.

Saboda haka ga roƙona, ba umarni ba, tunda yanzu kai ma mai gida ne, ko da a gidan surukai. Ka kira duk wanda ka roƙa ka ce ka fasa, ka yi musu godiya. In wani ya riga ya zuba, ka mayar masa, kada ka buga takardar komai. Ka zauna da Aina kafin Talata ka gaya mata abin da ka so yi da abin da ya sa. Ka faɗa da kowane yare ya zo bakinka, na san in abu ya taɓa ka Malayanci ke fito maka, ba komai. Ku jera takardunku tare, na asali daban, kwafi daban, ku sake dubawa, domin ma'aikaci ya fi yafe talauci a kan ya yafe shafin da ya ɓace. Hoton aurenku ku kai wanda kuka sauke takunkumi, kada a ce ka auri wata ka kawo wata. Ka je da biro naka. Ka sa riga mai sauƙi, babbar riga ba ta taimake ni ba.

In kun isa gaban tebur, za a tambaya wane ne mai ɗaukar nauyi. Aina za ta ce ita ce. A daidai wannan lokacin za ka ji wani abu ya taso maka daga ciki, ya ce ka sunkuyar da kai, ko ka yi wani ɗan bayani da ba a tambaye ka ba, cewa ai na ɗan lokaci ne, ai kana da digiri biyu. Ka haɗiye shi. Yarinyar nan za ta tsaya a gaban hukumar ƙasarta ta sa hannu cewa kai nata ne, duk abin da ya same ka a wuyanta. Mutane da yawa sun rayu sun mutu ba wanda ya taɓa sa musu hannu a irin wannan. Ka ɗaga kai ka dube ta lokacin da take faɗa, don ta ga ba ta kunyata ka ba.

Allah ya kai ku Talata lafiya, ya dawo da ku da abin da kuka je nema. Ya sa ku dace da ma'aikaci mai sauƙin kai. Ya kare Aina a bakin aikinta, ya ƙara wa mahaifiyarta lafiya, ya buɗa maka ƙofar arzikinka ta inda ba ka zata ba, ya sa ranar da abin ya dawo hannunka ka tuna yadda aka riƙe ka ba tare da gori ba. Ya ɗauke mana wannan cuta mu sake cin abinci a faranti ɗaya. Allah ya yi muku albarka, kai da ita.

Ummanku ta ce in kun fito daga ofis ita za ku fara kira, ba ni ba. Na ce ai ni na rubuta wasiƙar. Ta ce ta ji.

Mahaifinka